Shagon Hoton Baba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ke da maigidanki da yara. Har yau layin waya bai dawo ba, shi ya sa na ba direban motar kaya wannan takarda.

Kada hankalinki ya tashi, dukanmu lafiya. Amma shagon Baba ya ƙone.

Da hantsi muka ji zanga-zangar tsadar mai ta rikiɗe, an fara fasa shaguna a bakin tasha. Na kwashe kyamarori a buhu na ruga gida da su, na bar wa Mai Walda maƙwabcinmu saƙon ya liƙe ƙofar ƙarfen. Da na dawo, sai na tarar an cinna wa tayoyin mai faci wuta, iska ta kwaso ta zuwa rufinmu. Akwatin filim ɗin duk hotunan da Baba ya ɗauka na ciki, Yaya. Ƙofar da muka liƙe saboda ɓarayi, ni ta hana shiga. Na yi ta dukanta har Mai Walda ya ciccibe ni ya tsallakar da ni titi.

Labulen nan mai zanen teku ya tafi. Haka kujerar kaba, da madubin gyara hula, da tarhon ƙaryar da samari ke karawa a kunne.

Baba bai sani ba. Tunda idonsa ya rufe ba ya fita, na ce masa an toshe titin ne.

Ki sa mu a addu'a.
Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na gode wa Allah da ya tsare ku. Ka gaishe mini da Mai Walda, ka ce na gode da ya yi maka hankalin da ba ka da shi. Wuta na ci, kai kana dukan ƙofa? Da wani abu ya same ka, filim ne zai riƙa kai Baba masallaci?

Yanzu ka saurare ni. Takardar inshora tana cikin jakar Baba, ƙarƙashin katifa. Ka tuna ranar da na kawo maganar, ya yi ta dariya yana cewa wa zai taɓa shagon da fuskar kowa ke ciki? Sai da na yi fushi ya sa hannu. Na sa an haɗa har da ɓarnar tarzoma, don haka kada wani ya ce maka gobara kaɗai ta shafa. Ka je ofishin inshorar da wuri, ka kai rahoton 'yan sanda, kuma kada ka share tokar sai jami'in inshorar ya gani.

Na rubuta wannan kamar mai ƙarfin hali, amma jiya a wurin aiki sai da na ɓuya a ɗakin magani na yi kuka. A bayan labulen nan na koyi karatu. Ina jin Baba yana ce wa mutane, “Ɗaga haɓa, Alhaji, ba kotu aka kawo ka ba.” Inna kuwa, Allah ya jiƙanta, ta kawo masa abinci, ya juyo da kyamara, ta rufe fuska da mayafi ta gudu. Ta auri mai hoto, ta tafi ba ta bar mana hoto ko ɗaya ba.

Ko waya ta dawo, ka ci gaba da rubutu. Ka san kunnen Baba.

Ka kula da kanka.
Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Jami'in inshora ya zo, mutumin kirki ne, har ya ɓata takalminsa a toka. Ya ce maganar tarzoma ba gardama, tana ciki. Matsalar ita ce sai na nuna shaidar abin da ke shagon, ga shi rasit duk sun ƙone. Na ce, “Yallaɓai, fitilun ɗaukar hoton nan sun girme ni, ina zan samo rasit?” Ya ce, “Ko hoto ne ka kawo.” Na kalle shi, ya kalle ni, muka fashe da dariya a tsakiyar kango.

Matar Mai Walda ta ji labari, ta ciro hoton aurensu daga bango ta kawo, ga fitila ɗaya ta fito a gefe. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka. Mai kanti, tela, tsohon direban asibiti, kowa da nasa a leda. Suka baje su a kan bencin mai faci, suka manta abin da ya tara su. Wannan ya ce, “Kai ne nan da gashi?” Wancan ya ce, “Ai lokacin ba ka da tumbi.” Mutanen da tun ranar tarzomar ba sa haɗa ido, sai ga su kafaɗa da kafaɗa. Jami'in ya ɗauki abin da yake buƙata, ya ce za a biya kuɗin ginin da kayan aiki. Filim kuwa, ya ce ba su da ma'aunin da za su auna shi.

Yaya, ki zauna kafin ki karanta sauran. Tsohuwar malamarmu ta firamare ta kawo hotonta na ranar da ta kama aiki. A can gefe madubin ya fito. A cikin madubin ga Inna tsaye a bakin ƙofa da kwano a hannu, goye da ke, tana dariya. Ba ta san ta shiga ba. Malama ta ce mu riƙe.

Ni dai ban san ko in sake gina shagon ba. Kowa da waya a aljihu yanzu.

Naki, Auta

*

Auta,

Na gaishe ka. Na karanta takardarka a tsaye, sai da na kai kan maganar Inna na nemi wuri na zauna. Kada ka ba direba hoton nan, kada ka bari ya kwana a inda danshi yake.

Maganar shago, in ka ji ta tawa, ka karɓi abin da za su bayar ka taho nan, maigidana zai nema maka wani abin yi. Amma kada ka yanke komai, kuma kada ka faɗa wa Baba. Ina neman hutu, mu gaya masa tare.

Allah ya yi maka albarka.
Yayarka

*

Uwata,

Ni ne Babanku, Auta ke rubuta mini. Ina gaishe ki da jikokina.

Ku daina wahalar da kanku. Tun ranar na ji ƙaurin hayaƙi a rigar yaron nan, kuma ƙafata ta taɓa buhun kyamarori a ƙarƙashin gado. Na yi shiru ne don na ga kuna son lallashina. Shago kuwa nasa ne yanzu, ya gina ko ya bari.

Ya sa mini hoton a hannu. Na ce ya faɗa mini abin da ke ciki, sai ya ce wai tana dariya. Shi ke nan abin da ya iya. Ke kin fi shi saninta. Ki zo ki faɗa mini wane ɗankwali ta ɗaura.

Allah ya kawo ki lafiya.
Babanki