Ƙanshin Turare a Gado Na Uku

Karaye, 6 ga Maris, 1954

Zuwa ga Gwaggona abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, da ke da Yaya Hadi mai karanta miki wannan takarda, da matarsa Lami, da duk mutanen gidanmu na Rogo. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Autarki Lauratu ta iso ranar Laraba. Malam Dabo, wato malamin asibitin nan, da farko ya ƙi ɗaukarta aiki, ya ce ba ya sa baƙon hannu a ɗakin masu jego. Na ce masa 'yar gwaggona ce, tabarma ɗaya muka kwana tun rasuwar innata, ni na tsaya mata. Ya ce to, tana wuyana.

Ki ji abin dariya. Na ce ta gyara gado in gani, sai ta fizge zanen ta hau karkaɗe shi fat-fat kamar mai gyaran ɗakin amarya, har sai da na yi ihu. A nan ba a karkaɗe zane, Gwaggo, don cutar da ke jikinsa tashi take ta sauka kan wadda ke kusa. Sai an wanke hannu da sabulu, a naɗe zanen dattin yana ciki, kada ya taɓa riga, kada ya taɓa ƙasa, a jefa shi bokiti mai murfi. A goge robar da ke ƙarƙashi da ruwan magani, a fitar da katifa rana, sannan a shimfiɗa wankakke a ja shi ɗam a cusa gefensa, don in ya tattare yakan ci bayan mara lafiya har ya zama gyambo. Wadda ta cire zane kuma ita za ta jawo ruwa ta tafasa shi. Wannan ne Lauratu ta ɓata wa rai, amma tana da hannu, za ta iya.

Albishirinki! Sista, Baturiyar da ke zuwa duba mu daga Kano, ta rubuta sunana cikin waɗanda za su tafi koyon ungozoma bayan damina. Shekara huɗu ina jiran wannan. Ki sa ni a addu'a.

Gwangwanin turaren wutar da kika aiko mini ya iso. Kayana duk ƙanshinki suke. Na gode, Allah ya bar mana ke.

Taki har kullum,
Kubura

Karaye, 19 ga Mayu, 1954

Gwaggo,

Ina gaishe ki da gaisuwar girmamawa, ina fata kowa lafiya. Ni kam lafiyar jiki kawai gare ni.

Ranar Litinin ta makon jiya aka kawo wata yarinyar mace daga Kwanyawa, Safiyatu, tana naƙudar fari. Da safen ranar aka sallami wata daga gado na uku, mai ƙurji a nono yana zubar da mugunya. Ni ina riƙe da Safiyatu, sai na ce wa Lauratu ta yi maza ta canza gadon gaba ɗaya. Ta ce an gama. Na leƙa na gan shi fari, a miƙe, gwanin kyau. Safiyatu ta sauka lafiya, namiji, muka kwantar da ita a kai.

Kashegari da yamma zazzaɓi ya rufe ta. Ranar Laraba Sista ta zo, ta sa aka ɗaga ta, ta yaye zanen da hannunta. Innalillahi! Gwaggo, ba a canza shi ba, juya shi aka yi. Tabon mugunyar waccan matar yana nan ta ƙasa, robar ko gogewa ba a yi ba. An dai turara zanen da kasko don ya yi ƙanshin wankakke. Na ji ƙanshin tun ranar, na ɗauka daga jikina yake fita.

Sista ta tambayi wadda ta gyara gadon. Na dubi Lauratu don in ba ta fili ta faɗa da bakinta. Wallahi ko ƙifta ido ba ta yi ba ta nuna ni. Ta ce a shinshina ɗankwalina, a buɗe akwatina, za a ga mai turaren. Aka buɗe, ga gwangwaninki, ya yi rabi, ni kuwa sau biyu tak na ɗiba.

An sa Safiyatu a motar Sista za a kai ta Kano, rai ya yi halinsa a hanya. Allah ya jiƙanta. Da hannuna na kwantar da ita a gadon nan, ina yi mata barka.

Na rantse ba ni ba ce, ita ma ta rantse. Sista ta ce in ta dawo wata mai zuwa za ta yanke magana. Na ci amanar wa, Gwaggo, da za a yi mini haka? Ki aiko wa Lauratu ta faɗi gaskiya. Ke kaɗai take jin maganarki.

'Yarki,
Kubura

Karaye, 24 ga Yuni, 1954

Zuwa ga Gwaggo,

Gaisuwa da ban girma. Ina fata ruwa ya sauka muku lafiya, an yi shuka.

Takardarki ta zo, na karanta ta sau uku ko zan ga wani abu daban. Kin ce in rufa wa ƙanwata asiri, don gidan dagaci sun kawo gaisuwar neman aurenta, in sunanta ya ɓaci za su janye. Kin ce ni babba ce, na saba da wuya. Kin ce turara shimfiɗa ba laifi ba ne, haka iyayenmu suka yi, kuma kwanan Safiyatu ne ya ƙare. Sannan kika tuna mini bayan da ya goya ni. Wannan ta ƙarshe ita ta karya ni, kin kuma san za ta karya ni, shi ya sa kika ajiye ta a ƙarshe.

Na yi abin da kika ce. Na tsaya gaban Sista da Malam Dabo na ce ni ce. Sista ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Takarda ta ciro ta soke sunana daga masu zuwa Kano ina kallo. Malam Dabo ne ya roƙa kada a kore ni, sai aka fitar da ni daga ɗakin masu jego aka mai da ni bayan asibiti wajen wanki. Yanzu ni ke tafasa zannuwan kowa, gyaran gado kuwa ya koma hannun Lauratu.

Ranar kasuwa matan Kwanyawa nuna ni suke da baki. Iro, mijin marigayiyar, na gaishe shi ya kau da kai, ban kuma ga laifinsa ba.

Abu ɗaya na nema a wurin Lauratu, ta kuma rantse mini da Allah ba za ta sake juya zane ba. A kan wannan rantsuwa na sayar da sunana. Ba na fushi da tarbiyyarki, amma ban ɓoye miki ba, raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai gyaru ba.

Ki gaida Yaya Hadi da Lami.

Kubura

Karaye, 11 ga Oktoba, 1954

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya, da fatan an fara girbi cikin albarka.

Saƙonki ya same ni. Kin ce watan Lami ya tsaya, kuma tunda sau biyu tana haihuwa a gida ɗan ba ya zuwa da rai, kina so a kawo ta nan, in samar mata gado mai kyau. Yaya Hadi, kai ke karanta wannan, na haɗa ka da Allah kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Ni ke wanki, don haka ni na san abin da ke zuwa tukunya. Makon jiya mata biyar aka sallama, zannuwa biyu suka zo hannuna. Shekaranjiya na shiga kai gogaggun kaya, sai ƙanshin nan ya dake ni daga bakin ƙofa. Na ɗaga gefen zanen gado na uku, ga tabo ta ƙasa. Na ja Lauratu gefe na tuna mata rantsuwarta. Kin san abin da ta ce? Wai sauƙi take yi mini, ta ga wankin ya yi mini yawa. Har da dariyarta, Gwaggo!

Gado na uku shi kaɗai ne babu kowa a kai yanzu. Shi Lami za ta samu.

Tun da saƙonki ya zo nake tambayar kaina abin da ya sa gabana ya faɗi don Lami, alhali mata nawa suka kwanta a gadajen nan wata huɗu ina can baya ina hura wuta, na yi shiru don in faranta miki. Na ji kunyar kaina fiye da yadda na ji haushinku.

Sista za ta zo ranar Alhamis. Zan faɗa mata komai a gaban Lauratu, in kai ta ta ɗaga zanen da kanta. Ba don Kano ba, waɗanda za su tafi sun tafi tun makon jiya, na raka su bakin mota. Wataƙila ma a kore mu mu biyu, ita don juya zane, ni don ƙarya. Na rubuto ne don ki ji daga gare ni kafin ki ji a bakin mutane. In auren ya fasa, ki ce ni ce. Na saba.

Ku kawo Lami. Ko za a kore ni, sai na shimfiɗa mata gadonta da hannuna, zane tafasasshe, roba gogaggiya.

Ga gwangwaninki na ba mai kawo takardar nan, ba na iya shaƙarsa kuma. Kin ce in tuna bayan da ya goya ni, ban manta ba, ba zan kuma manta ba. Amma Safiyatu ma tana da uwa, Gwaggo. Tana Kwanyawa, ita ke goyon jaririn.

Allah ya sauki Lami lafiya.

Ni ce 'yar da kika rena,
Kubura