Gwaggo Ta Mace a Hanyar Intabiyu

Ranki ya daɗe mai filin shawara, ki taimaka mini, domin na ɗebo ruwan dafa kaina, har wutar ma ni na hura.

Ina da wata tsohuwar mota da ta girmi aurena. Yarana ne suka sa mata suna Gwaggo, saboda kullum da safe sai ta yi tari kafin ta tashi. Ni ba bakanike ba ne, mai shagon fenti ne. Boko kuwa na yi daidai karanta allon hanya, in rubutun ba ya gudu. Amma duk ƙarshen mako ina ƙarƙashinta da sifana. Na canza mata kafireta da fulogi, na sa kujerun gwanjo, na ɗaura hon irin na tirela. Uwargida ta ce in da rabin kulawar nan ake ba rufin ɗakinta, da ta daina tara ruwan sama da tukwane.

Kwanan baya na sayo sabuwar mitar mai, mai haske kamar idon mage. Bakaniken layinmu ya ce in kawo ya ɗaura mini. Na ce masa hannun da ya raini Gwaggo bai san hanyar gareji ba. Ashe na juya wayoyin. Tanki na raguwa, allura na hawa. Mako guda ina yawo ina nuna wa abokai cewa sabuwar kafireta ta sa motata ta daina shan mai, har ƙari take yi. Wani ya ce in rufa wa kaina asiri kada masu gidan mai su sa a sace ni. Na ɗauka yabo ne.

To, babbar 'yata, wadda ta gama karatu ta daɗe tana zaune, aka kira ta intabiyu a wani kamfani. Ta goge kayanta, ta ce za ta hau tasi. Na rantse 'yata ba za ta shiga motar haya ba ubanta na da mota. Uwarta ta roƙe ni, na ce mata ta bar zancen inji ga masu inji.

A tsakiyar gada Gwaggo ta yi tari biyu ta mace, allura na nuna tanki fal. Na buɗe bonet na kwance abin da bai yi laifi ba. Yarinya ta ce ko mai ne ya ƙare, na nuna mata mitar da yatsa. Sai na sa ta tura, ni ina kan sitiyari don ni na san hali. Ta yi ta turi da takalmi mai tsini, salansa ta fesa mata baƙin hayaƙi a farar riga. Kafin ta sami tasi an tashi daga intabiyun.

Allah ya taimaka, da ta isa wata mata a kamfanin ta ga rigar ta tausaya, aka sake ba ta rana, mako mai zuwa. Amma tun ranar 'yata ba ta yi mini dariya ba. Gaisuwa kawai, a durƙushe, kamar baƙo. Na gwada barkwanci, na ce ai ta samu horon ƙarfi kyauta, ta tashi ta bar mini falo. Uwargida kuma ta karɓo lambar masu sayen tsohon ƙarfe.

Yanzu na gyara wayoyin. Nufina in sake kai ta da Gwaggo, in wanke sunanmu mu biyu. Ya kike gani?

Naki,
Direban Gwaggo

Malam Direba,

Na yi dariya da wasiƙarka, sannan na ji haushin kaina, don na lura haka kake yi wa kowa: ka sa mutum dariya kafin ya tuna ya kamata ya yi fushi. 'Yarka ce ta fara ƙin sayen wannan haja.

Son tsohuwar mota ba laifi ba ne. Gara magidanci ya kwana da baƙin mai a farce da ya wuni a bakin titi yana cin naman mutane. Ka gaya wa uwargida, in ji ni, ta ajiye lambar nan tukuna, amma sai in ka hau rufin ɗakinta kafin ka sake shiga ƙarƙashin mota.

Sai dai ka dubi abin da ka yi. Bakanike ya yi magana, matarka ta yi, yarinyar ta faɗa maka ainihin ciwon a kan gada, duk ka ƙaryata su ka gaskata allurar da kai ka juya. Motar da ke haifar mai! Ko yaron goye zai tsaya ya yi tambaya. Kuma a duk doguwar wasiƙarka ka lissafa kafireta da hon, ban ga inda ka ce ka ba ta haƙuri ba. Har yanzu sunanka da na Gwaggo kake son wankewa. Rigarta fa, wa ya wanke?

Amsata a'a ce. Ranar nan ba ta gwajin gyaranka ba ce, ta neman abincinta ce. Ka bar Gwaggo ta yi tarinta a gida. Ka fita da sassafe ka tsayar da tasi da kanka, ka buɗe mata ƙofa, ka koma gefe. Motar kuma ka kai wa bakanike ya duba bayanka, ka jure dariyarsa, ka ci bashinta.

Kafin nan akwai abin da take binka, kuma ba a sayar da shi a kasuwar gwanjo. Ka zauna gabanta ka ce ka yi kuskure, ita ce da gaskiya. Kada ka ɗora masa wasa a gaba ko a baya. Na san zai fi maka wuya da sauke inji.

Allah ya ba ta sa'a, ya kuma ba Gwaggo lafiyar ƙirji.