Shafi biyu a jikin motar Baba

Damagaram, watan Mayu 1974

Zuwa ga Yaya Mustafa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a can Abijan, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan da sauƙi. Inna na cikin takaba, ba ta cika magana ba. Kawu Inusa ya taso daga Zermu da mutum tara, shanunsa duk sun mutu, suna zaune a zaurenmu.

Wayar da na buga maka ta ce Baba ya rasu, ba ta gaya maka zancen mota ba. Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya ce abu ɗaya yake so: a mayar wa tsohuwar Fijonsa korenta na asali, irin na ranar da ya saye ta bayan ya bar tuƙa motar kumandan, Baturen mulki. Ya ce idonsa ya gaji da ganin jar ƙasa, ko ganye ɗaya babu a garin nan.

Na je wurin Alkasum mai fenti. Ya nuna mini iri biyu. Ɗaya yana bushewa nan take, lita uku sun isa, a gama cikin yini biyu, amma rana tana cinye shi. Ɗayan mai mai ne, yana shekara goma, sai dai lita biyar yake ci, shafi uku, kuma tsakanin shafi da shafi sai ya bushe sarai an goge shi da ruwa. Ka san ni da son abu mai ƙarko. Na ce a ba ni na shekara goma. Wallahi Yaya, ko tunanin ruwa ban yi ba, ni da nake kwana uku ban yi wanka ba.

Garwa biyu ta ruwa kowace gogewa take sha. Hauwa ƙanwarmu ta wuni a layin famfo ta samo ɗaya, muka sha rabi. Haka muka ɗauki mako uku a kan shafi biyu. Kullum Baba sai ya tambaya ko an gama, in ce saura kaɗan. Na so in kawo ta ƙofar gida ya leƙa, Alkasum ya ce ƙasa za ta manne mata, na bi maganarsa. Ran Talata Baba ya cika.

Har yau ban yi kuka ba, ba na jin komai. Ina zuwa garejin Alkasum in zauna in dube ta. Koriya ce shar, ta yi kyau ƙwarai. Saura gwangwani ɗaya ba a buɗe ba, Alkasum yana tambaya ko a yi na ukun. Kai ne babba, ka faɗa mini, don ni na riga na yi zaɓi sau ɗaya.

Ka gaida Maryam da yara, da Malam Sani maƙwabcinka. Inna da Hauwa suna gaishe ka.

Ƙanenka,
Kolo