Kabarin Baba Babu Suna

Daren Laraba, Saint-Fons, gefen Lyon

Yau Helen, abokiyar aikina, ta nuna mini hotunan ƙauyensu na Ingila. Coci ɗaya, sai maƙabarta, kowane kabari da dutse da suna. Ta bi su da yatsa tun daga kakan kakanta, duk makiyayan tumaki.

Ta ce, "Ku me kuka rubuta a na babanka?"

Na ce mu ba ma rubutawa, wanda ya raka gawa shi ke sanin wurin.

Ni kuwa ranar da aka kai Baba ina nan Lyon.

Na kasa cin abinci, na kira Yaya Sani a Damagaram. Ya ce, "Gindin wata bishiyar bedi ne, in ka zo zan nuna maka." Sai ya ƙara da cewa, "Ina jin ma an sare ta."