Keken Ɗinkin Baban Talatu a Kasuwa

Yaya Saratu,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya jikin naki, ya maigida da yara, ya sanyin Jos? Mu nan lafiya, sai kewar Baban Talatu da ta ƙi raguwa.

Kin tuna keken ɗinkinsa da ya bar wa ikilisiya don gwauraye su koyi sana'a? Ran Laraba na je Ƙofar Wambai sayen zare, sai ga shi a rumfar wani dillali. Na gane shi da ƙunar dutsen guga a katakonsa. Dillalin ya ce, "Hajiya, sayarwa aka kawo, ki taya."

Ran Lahadi bayan sujada na tari Dattijo Bulus, ma'ajinmu. Ya ce, "Maman Talatu, gyara muka kai." Bai ko dube ni ba. Yaya, keken nan lafiyarsa lau, ni na sa masa mai ranar da aka ɗauka.

Mutumin nan shi ya tsaya mana a jana'izar Baban Talatu, shi ya sa bakina ya yi nauyi. Amma Asabar dattawa za su zauna, na kuma nemi a saurare ni.

Ki gaishe da Inna da yara. Ki yi mini addu'a, kada kuka ya hana ni magana.

Ƙanwarki,
Rifkatu