Ƙarar da Ke Bayan Mota

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara duka. Yaya ciwon ƙugun nan naki, ya yi sauƙi? Mu nan lafiya lau, uwar yara tana gaishe ki.

Bayan haka, na karanta wasiƙarki, na ajiye, na sake ɗaukowa. Kin yi gaskiya, bai kamata Inna ta ci gaba da hawa babur daga gida zuwa bakin kwalta duk ranar ganin likita ba, da wannan zuciyar tata. Na je na yi mata maganar ta dawo wurina kamar yadda kika ce. Ta bar ni na gama jero dalilaina tsaf, sannan ta tambaye ni ko a motar kwasar kayan akwai wurin sa bishiyar tsakar gida da tagar da Baba ya fasa mata da hannunsa. Ta ce a ɗakin nan ta haife mu, a cikinsa take so a zo a same ta.

To ga abin da muka tsayar. Zan nemi motar da za ta iya zuwa har ƙofar gidanta. In na samu kafin ruwa ya sauka, za ta zauna a ɗakinta, in riƙa kai ta asibiti ina mayar da ita. In damina ta riga ni, babur ba zai ƙetare rafin nan ba, dole ta biyo ni gari. Ta yarda, amma ta kira ni da sunan da ta sa mini tun ina yaro, Sai-na-duba, ta ce kada dube-dubena ya raba ta da ɗakinta. Da dariya ta faɗa. Ni ban yi dariya ba, don na san halina.

Ƙaramar jif nake nema, ta hannu. Babba ta fi ƙarfina, kuma kullum da ita zan bi cunkoso zuwa sito, ba zan iya da shan manta ba. Gajeriyar mota kuwa cikinta zai daki ƙasa. Kin tuna inda manyan motoci suka ci hanya gefe da gefe suka bar tudu a tsakiya? Na je na yanki sanda daidai tsayin tudun, na ƙara kaɗan. Duk motar da aka nuna mini sai in durƙusa in tsayar da sandar a ƙarƙashinta. In ba ta tsaya ba, sai in yi godiya in wuce. Dillalai har sun sa mini Mai Sanda. Wani ya tambaye ni ko tela ne ni, wando zan ɗinka wa motar.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina fatan wannan ta same ki lafiya. Na ji ƙaramin naki ya yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi.

Har yau ban saya ba. Kada ki yi faɗa tukuna. Makaniken nan abokina tun muna makaranta shi ke raka ni ranar hutu. Shi ba ruwansa da fenti. Ya koya mini in kashe rediyo, in rufe gilashi, in hau hanya mai gargada in yi shiru. Ya ce mota in tana da lafiya ba ta gulma a bayan mai ita. Tun daga nan kunnena ya lalace, ko a motar haya nake sai in ji ina farautar ƙara.

Akwai wata shuɗiya da ta kwanta mini a rai. Sanda ta tsaya, injin lafiya, amma na ji ƙwas-ƙwas a baya. Makanike ya ce shokozoba ce, gyaran yini guda. Na ce sai na duba. Da na koma an sayar. Uwar yara ta ce haka na yi ta jan ƙafa kafin in aure ta, ita ma saura kaɗan ta zama shuɗiyar.

Yanzu biyu suka rage. Farar tana ja da ƙafa huɗu, babu inda ba za ta hau ba, amma mashayiyar mai ce, kayan gyaranta kuma sai an aika nesa. Mai ruwan toka ƙafafun gaba kawai ke ja, sai dai tana da tsayi, kayanta ko'ina akwai, kuma shiru take kamar an yi mata faɗa. Makanike ya ce in an sa mata tayoyi masu ƙwari za ta ƙetare rafi, in dai ba ya cika ba ne. Wannan "in dai" ita ke hana ni sukuni. Ban san ko tsoro ne ko hankali ba, ban taɓa iya bambance su a kaina ba.

Jiya hadari ya haɗo, iska ta watsa shi. Na tsaya a ƙofar sito ina kallo.

Naki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Na gode da addu'a. Na sayi mai ruwan tokan.

Washegari na nufi gida. Tudun nan ya wuce ta ƙarƙashina ko gogar ta bai yi ba, har na ji ina gode wa sanda. Na tsaya a ƙofar gida na yi hon. Inna ta fito tana dafa bango, ta zagaya motar, ta shafa ta, ta sa albarka. Na buɗe mata ƙofa.

Yaya, ta kasa shiga. Ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta tsaya a hanya. Ta sake gwadawa, numfashinta ya fara sama-sama. Na auna hanya, na auna tudu, na auna shan mai, ban taɓa tunanin gwiwar Inna ba. Tsayin da na sha wahalar nema shi ne ya tare ta a waje. Na ce bari in ɗauke ta, ta ture hannuna, ta ce ba a kai nan ba tukuna, ita ta goya ni, ba ni zan goya ta ba. Na tsaya da makulli a hannu kunya ta rufe ni, har na fara tunanin yadda zan mayar wa dillali.

Sai ta ce in ɗauko mata 'yar kujerarta ta gindin murhu, wannan mai gajeriyar ƙafa ɗaya da muke faɗa a kanta muna yara. Ta taka, ta riƙe kafaɗata, ta zauna. Ta gyara mayafi ta ce yau ta hau bene. Ta ce tunda motar ba ta shiguwa sai da kujerarta, to ita ma tana da rabo a ciki, kada in kuskura in sayar ban gaya mata ba.

Tun daga ranar kujerar a but ɗin motar take kwana, na naɗe ta da tsohon bargo. Muna tafe tana sa ni rage gudu ta ga gonar wane da ta wance, tana faɗin wanda ya yi lalaci bana. Ruwa ya sauka, kuma tana ɗakinta.

Amma ba zan ɓoye miki ba. Ƙafafunta sun kumbura, ta rame sosai. Wancan zuwan da muka yi, likita ya canza magani, ya kuma ja ni waje muka yi magana. In da hali ki taho. Kada ki yi irin nawa, kada ki ce sai kin duba.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina fatan kun isa gida lafiya. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Gida ya cika da mutane, ban samu na gaya miki yadda muka dawo ba, ga shi kin iso ta riga ta daina magana. A ranar nan, likita ya so ya ba ta gado, amma bai ɓoye mini cewa ba sauran wani abu mai yawa ba. Ban gaya mata ba. Kallona kawai ta yi, ta ce in mayar da ita ɗakinta.

Tun safe ake ruwa. Da muka isa rafi na same shi ya kawo. Na fita da sandata na shiga ruwan, ya haura ta. Na tsaya ina tuna maganar makanike, ina shirya yadda zan ce mata mu koma gari mu jira ya janye. Sai na ji tana ƙwanƙwasa gilashi. Da na matso ta ce, Sai-na-duba, yau kam babu lokaci. Na sa giya ta ɗaya na shiga. Ruwa ya daki ƙofa, tayoyi suka zame a kan duwatsu, suka sake kamawa. Ban san abin da na karanta ba, na dai ga mun fito.

A ƙofar gida na ajiye mata kujerar kamar kullum. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce to yanzu an kai. Na ɗauke ta. Yaya, ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kwantar da ita ta fuskanci tagar. Sauran kin gani da idonki.

Da na koma aiki sai na fara jin ƙwas-ƙwas a bayan mota. Na ce shi ke nan, rafi ya karya wani abu, dama farar ya kamata in saya. Na kai wa makanike. Ya kashe rediyo ya zagaya da ita, ya shiga ƙarƙashi ya duba shokozoba da salansa, bai ga komai ba. Sai ya buɗe but. Kujerar ce, gajeriyar ƙafar ke dukan ƙasa. Ashe ranar, bayan na shigar da Inna, na dawo na jefa ta ciki ban sani ba, bargon kuwa shi na lulluɓa mata a hanya. Ya buɗe baki zai tsokane ni, ya ga fuskata, ya fasa. Ya ɗauko tsumma da igiya zai ɗaure ta don ta daina. Na ce ya bari.

Kin tambaye ni abin da nake so cikin kayanta. Ki raba yadda kika ga ya dace, ni wannan kujerar ta ishe ni. Uwar yara ta ce tunda ba sauran bin waccan hanyar, mu sayar da motar mu nemi ƙarama. Na ce sai na duba, amma wannan karon na san amsar. Mai rabo a ciki ta ce kada in sayar ban gaya mata ba.

Kullum da safe nakan rufe gilashi, ba na kunna rediyo. Hanyar sito ramuka ne da yawa, kuma na daina kauce musu.

Ki gaida maigida da yara. Allah ya ba mu haƙuri.

Ƙaninki,
Sai-na-duba