Ƙwan da Ya Zube a Tanki

Adelaide, Nuwamba

Yaya Warwick,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Bronwyn da yara. Ni dai ba lafiya ba, kuma ka san dalili.

Ni na buɗe maka ƙofar baya ta gidan nuna kifaye inda nake aiki kafin masu kallo su iso, saboda ka dame ni da son hoton dokin teku, ɗan kifin nan mai kama da ganye. Na gaya maka namijin yana ɗauke da ƙwai a wutsiya, abin da muka yi shekaru muna jira. Na ce ban da walƙiyar kyamara, ban da taɓa tanki. Ka ce wai ni zan koya maka sana'arka.

Da ka kasa bambance shi da ciyawar ruwa sai haƙurinka ya ƙare. Ina juya baya ka hau tsani, ka zura sandar shara ka karkaɗa ciyawar, ka haske shi da walƙiyar kyamara har ya firgita. Washegari na tarar da ƙwan a zube a kan yashi. Da hannuna na tsince su.

An cire ni daga kula da tankuna, an mai da ni sayar da tikiti. Ban ambaci sunanka ba, amma ba don kai ba, don Mama ne.

Kada ka kira ni.

Ƙanwarka,
Narelle

Adelaide, Disamba

Yaya Warwick,

Ina gaisuwa, a gaishe da yara.

Katin gayyatarka ya iso. Ashe hoton ya ci gasa, har ka rubuta a ƙasansa wai haƙuri ne sirrin aikinka. Ba ka da kunya. Ba zan zo bikin ba.

Ranar Lahadi na je wurin Mama na ga hoton a bangon falonta. Ta ce duk maƙwabta sun zo sun gani, tana ta nuna mini ƙwayayen jajaye da yatsa, tana tambaya ko sun ƙyanƙyashe. Na gaji da rufa maka asiri, Yaya. Na faɗa mata komai, har da sandar.

Ta tashi ta dafa shayi. Da zan tafi na ga ta sauke hoton ta jingina shi bayan firji. Ban ce ta sauke ba.

Ta ce mu zo Kirsimeti mu duka. Zan kawo jatan lande. Ka zo ka yi mata bayani da bakinka.

Narelle